Yaranmu sun karanta jiyoloji suna zaune, mu kuma ana haƙa mana bohol ba ruwa

Sakataren_Unguwa ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar ƙasa da ruwa, masu haƙar bohol ne ko malaman jami'a ko ma ɗalibai in akwai su a nan.

Ni ne sakataren ƙungiyar taimakon kai da kai ta unguwarmu, muna ta wajen Kumbotso a Kano. Da 'yan garuwa muka dogara shekara da shekaru, to bara sai muka ce bari mu yi karo-karo mu haƙa namu, gida-gida aka bi, har mata masu ƙosai sun bayar. Aka kawo mota aka kafa ta a ƙofar masallaci don nan ne kaɗai wajen da ba wanda zai ce an fifita layin wani. Aka yi ta bugu har aka wuce mita 80, farar ƙura kawai ke tashi. Mai mota ya ce Allah bai nufa ba, ya karɓi cikon kuɗinsa ya tafi. Ba a jima ba wani bawan Allah a bayan layinmu ya haƙa nasa a cikin gida, ko mita 40 ba a kai ba ruwa ya ɓalle.

Ba ma asarar ce ta fi ci min rai ba. A unguwar nan tamu akwai yara uku da suka karanta jiyoloji, wato ilimin ƙasa da duwatsu, sun gama har bautar ƙasa, ɗaya yana POS a bakin titi, ɗaya yana jan Adaidaita, ta ukun tana koyarwa a wata firamare ta kuɗi. Na tare mai POS ɗin na ce kai yanzu kana kallo aka binne kuɗin jama'a baka ce uffan ba? Ya ce Baba wa ya tambaye ni, kuma ko an tambaye ni na'urar gwajin ƙasar daga nesa na hange ta a makaranta, aji guda a kan na'ura ɗaya.

To tambayata, akwai hanyar da ƙungiya irin tamu za ta haɗa kai da jami'a da masu motocin haƙa, yaran nan su koyi aikin da hannunsu a cikin unguwarsu, mu mu daina haƙa da ka, su kuma su samu abin yi? Wa ake fara samu? Wa zai biya? Kuma akwai inda aka taɓa yin haka ya yi aiki?

Dan_Gindin_Mota ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam Sakatare, Allah ya mayar muku da alheri. Ni ban yi jami'a ba, a gindin mota na tashi tun ina ɗaukar bututu har ya zama ni ke riƙe da ita, to bari in faɗa maka yadda abin yake ta ɓangarenmu.

Kano a kan dutse take zaune, irin wanda kake gani ya fito fili a wajen Rano, mu nan ƙasa ce ta rufe shi. Ruwan ba tafki bane a ƙarƙashi yadda mutane ke zato, yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama ne da kuma tsagogin da ke cikin mai taurin. In ka dace da tsaga ka samu, in ka kauce mata da taku ashirin sai ka yi ta ci har mita ɗari a banza. Maiduguri ko Haɗeja ba haka bane, can yashi da laka ne a shimfiɗe, in maƙwabcinka ya samu a zurfi kaza kai ma kusan nan zaka samu. Shi ya sa ku kuka rasa na bayan layinku ya samu, ba wani asiri.

Kuma shi ya sa ake yin sabe, wato gwajin ƙasa, kafin a kafa mota. Ƙarafa huɗu ake kafawa a jere, a ja waya hagu da dama, a tura wuta, na'ura ta nuna yadda ƙasar ke tare wutar, a ƙara nisa a sake, a haka ake gane kaurin ruɓaɓɓen dutsen. Amma a cikin gari aiki ne ja, ina zaka samu filin jan waya mita ɗari kowane gefe a cikin lungu? Ga siminti ga intalok ga tsohon bututun ƙarfe a binne ga wayar wuta, duk rikita lissafi suke. Da rani sai ka zuba wa ƙarafan ruwan gishiri kafin ma wutar ta yarda ta shiga. Sannan laka tana yaudara, jiƙaƙƙen yumɓu a na'ura kusan yadda ruwa ke fitowa haka yake fitowa, yaro sabon fita zai ce ga ruwa nan a haƙa, a haƙa a tarar da taɓo. Wannan ba a allo ake koyonsa ba. Mutane kuma basa son biyan kuɗin sabe, mai mota kuwa mita ake biyansa ba ruwa ba, kaga kenan ba wanda zai matsa.

Abin da nake so yaran nan su yi shi ne su zauna a gindin mota. Duk bututu ɗaya da ya shige a ɗebi abin da iskar kwamfuresa ta turo waje a tara shi a ƙasa tsibi-tsibi a jere, zaka ga jar marmara da farko, sai laka fara ko rawaya, sai ruɓaɓɓen dutse mai ƙyalƙyali da zaka murƙushe da yatsa, sai garin dutse mai tauri. In hama, wato bakin haƙar, ta faɗa tsaga kunnenka ne zai fara gaya maka kafin idonka, ƙarar ta canza, bututun ya ɗan zabura, ƙurar ta yi danshi, ɓarɓashin ya fito manya-manya da tsatsa a jikinsa. Mu duk mun san wannan amma bama rubutawa, mota na tashi ilimin ya tashi da ita. Bohol nawa aka haƙa a garin nan, da a ce kowanne an rubuta inda yake da zurfinsa da inda aka ci karo da ruwa ai da yanzu ba mai haƙa da ka. Yaron da ya iya rubuta wannan, ya iya cewa ga inda za a sa sikirin, wato bututu mai tsaga-tsaga da ruwa ke shiga ta jikinsa, ga inda za a zuba tsakuwa ga inda za a toshe da siminti, wallahi ni da kaina zan riƙa ba shi wani abu. Sharaɗi ɗaya, kar ya zo min da farar shadda ya tsaya a inuwa yana nuni da yatsa.

Dan_Jiyoloji ya amsa:

Baba mai mota Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce amma dan Allah a daina ɗora mana girman kai kullum. Ni na gama, tsarin Schlumberger ɗin nan na ƙarafa huɗu da kake bayani zan zana maka shi ido rufe a takarda, amma wata shidan SIWES ɗina, wato koyon aiki na ɗalibai, a wani ofis na ƙare shi ina ɗaukar fayil ina sayo wa oga abinci, ko sau ɗaya ba a fita fili da ni ba. Da na gama na bi masu motoci da ƙafata ina roƙo su barni in bi su kyauta, wani yace leƙen asiri nazo, wani ya fito fili yace in naga irin kesin ɗin, wato bututun da ke tare bangon rijiyar, da suke sawa zan je in gaya wa mai gida. Ba kowa bane irinka Baba. Na'urar kuwa kuɗinta ya fi ƙarfin ɗan talaka, haya ake bayarwa kuma ba mai baka haya sai ya sanka.

Sai maganar kuɗi da Baba Sakatare ya tambaya, nan ne nake so a tsaya. Kullum in aka ce haɗin gwiwa da al'umma ƙarshensa matasa su yi aikin sa kai a ɗauki hoto kowa ya watse. Wanda ya rufe POS ɗinsa yini guda ya bi mota ya rasa cinikin ranar wa zai ciyar da shi? In ƙungiya da gaske take to tun wajen lissafin bohol a ware wani abu a ce wannan na gwaji ne da rubutu, yadda ake ware na famfon sumo da tanki da sola. Kuma a ƙarshe a bamu takarda da sa hannun wanda ke da rajistar COMEG, hukumar da ke yi wa masana jiyoloji rajista, cewa wane ya tsaya a kan rijiya kaza ya rubuta bayananta, don duk inda kaje neman aiki ƙwarewa suke tambaya, kai kuma baka da abin nunawa sai satifiket.

Malamin_Sashe ya amsa:

Malam Sakatare, ni ina koyarwa a wannan fannin. Wanda za ku fara samu shi ne shugaban sashen jiyoloji. BUK tana da sashen, jami'ar Wudil tana da shi, ABU Zariya tana da shi, sannan akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna wadda ke ba da horo a kan haƙar rijiyoyi. Ba sai an yi wata babbar yarjejeniya da taro da jawabai ba, wasiƙa ce daga ƙungiya, mai unguwa ya sa hannu, in da hali dagaci ma ya sani. Duk shekara muna da 'yan ajin ƙarshe masu neman inda za su yi furojet, kuma sau da yawa wurin da za a karɓe su ne matsalar, su shiga unguwa da waya da ƙarafa yara su biyo su ana cewa masu neman zinare ne, ko gwamnati ce ta turo za a yi rusau. In ƙungiya ce ta gayyato su rabin wahalar ta ƙare, da ɗan gari akan ci gari.

Amma shawarata kar ku fara da na'ura mai tsada, ku fara da rajistar rijiyoyi. Yaranku ukun nan su bi unguwa, kowace rijiya da kowane bohol a ɗauki inda yake da GPS ɗin waya, a rubuta zurfinsa, yaushe aka haƙa, yana ƙafewa da rani ko baya ƙafewa, har waɗanda aka haƙa ba a samu ba, su ma bayani ne babba. Sai a zaɓi wasu rijiyoyi a riƙa auna inda ruwa ya tsaya sau ɗaya a wata, tef ne da ɗan ƙarfe a ɗaure a bakinsa, da sassafe kafin a fara ja. Za ku ga ya yi ƙasa sosai wajen Afrilu da Mayu ya dawo sama bayan damina, kuma in aka jera shekara biyu uku za ku gane ko boholan da suka yi yawa suna janye ruwan rijiyoyin gida. Akwai 'yar na'ura mai girman biro da ke nuna yawan gishirin ruwa, ba tsada. Gwajin ƙwayoyin cuta ne sai an kai ɗakin gwaji, wannan mu ne za mu ɗauka. Kuma dan Allah ku nemo tsofaffin masu haƙar rijiya da masu yasa, a zauna da su a rubuta abin da suka sani, mutumin da ya shiga cikin ƙasar unguwarku da igiya a ƙugunsa ya san inda marmara ta yi kauri da inda ake cin karo da fa fiye da duk wata taswira da ke ofishina. Bayan an haɗa wannan ne sabe zai yi ma'ana, a zo da na'urar makaranta a yi shi tare da yaran su riƙe ta da hannunsu.

An taɓa yi kuwa. A Darussalam ta Tanzaniya an yi shirin Ramani Huria da aka fara a 2015 da tallafin Bankin Duniya, aka horar da ɗaliban Jami'ar Darussalam da Jami'ar Ardhi, aka haɗa su da mazauna unguwanni suna bin lungu-lungu suna sa gidaje da hanyoyi da magudanan ruwa a taswirar intanet ta OpenStreetMap, mutanen unguwa ne ke nuna musu inda ambaliya ke kaiwa. Su ambaliya ce damuwarsu, ku ruwan sha, amma tsarin ɗaya ne.

Ku kafa mana sharaɗi, kar ku ji nauyi: duk abin da aka auna a dawo muku da shi, da Hausa, kwafi a wajen ƙungiya kwafi a wajen mai unguwa. In ba haka ba ɗalibi zai ɗauki makinsa ya tafi, furojet ɗin ya hau kanta yana shan ƙura. Aikin yi kuwa ba bohol kaɗai bane, gwajin ƙasa kafin a kafa harsashin bene, masu fiya wata da ke buƙatar gwajin ruwa, masu fasa dutse, ƙungiyoyin agaji masu aikin ruwa a karkara, duk mutum ɗaya suke nema, wanda ya taɓa yi da hannunsa.

Maman_Hanifa ta amsa:

Malam duk kun yi magana mai kyau amma kun manta abu ɗaya, rijiyoyin nan a CIKIN gida suke, gidan da aka rubuta ba shiga a ƙofa. Namiji baƙo da tef a hannu ba zai wuce soro ba ko da wasiƙar hakimi. To yarinyar nan da Malam Sakatare ya ce tana koyarwa ita ce ma ta fi muku amfani a wannan rajistar, kuma in za a turo ɗalibai a haɗo da mata.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce muna shiga gidaje rigakafi, abin da ido ke gani ba daɗi. A littafi an ce tsakanin rijiya da masai a bar kamar mita 30, to a ina? Fuloti ɗaya an raba shi biyu ko uku, rijiyarki a jikin katanga, bayan katangar sokawen maƙwabta ne, taku biyar ba a kai ba, ke kuma baki ma sani ba. Damina na sauka ruwa ya taso sai amai da gudawa, a yi ta cewa iska ce. Tunda ba za a iya matsar da gidaje ba ko bakin rijiyar a ɗaga a dafe shi da siminti a sa murfi, bohol kuma a toshe samansa yadda Baba mai mota ya faɗa kar ruwan kwata ya bi jikin bututu ya gangara.

Kuma ku tambayi mata, mu muka san rijiyar da ruwanta zartsi ne sai wanki, da wadda sabulu baya kumfa, da wadda ke canza kala in an yi ruwan sama, da gidan da ake aika yara roƙon ruwan sha. Masu zama kusa da Sharaɗa da Challawa inda kamfanonin fata suke su ma a duba nasu da kyau, ba gishiri kaɗai za a nema a can ba.

Gaskiya_Daci ya amsa:

Ni fa ba hana ruwa gudu zan yi ba amma a faɗa wa Malam Sakatare abin da zai tarar. Ranar da yaran nan suka zana taswira suka ce wannan layin tsohon kududdufi ne da aka cike da bola aka yanka fulotai, wancan kuma hanyar ruwa ce aka gina a kai, ranar zaku san kuna da 'yan adawa. Kududdufan Kano ramukan da aka ɗebi ƙasar gini ne tun kaka da kakanni, su ke shanye ruwan sama, yanzu ana ta cike su ana ɗora gini, ruwan ya rasa wajen zuwa ya shigo ɗaki, ginin kuma ya fara tsagewa don ba a kan ƙasar kirki yake ba. Dillali ya sani, mai gidan ya sani, ba wanda ke so a rubuta don farashi zai faɗi. Haka mai bohol ɗin da ke sayar wa 'yan garuwa, kana ganin zai bari a ɗebi ruwansa a kai gwaji? Bayan dam ɗin Alau ya ɓalle a Satumba 2024 ruwa ya ci Maiduguri ai kowa ya ga abin da ruwa ke yi in ya tashi neman hanyarsa, amma a zo kan filin mutum ka ji yadda murya ke canzawa.

To ku zauna tun yanzu ku yanke wa zai riƙe bayanan, wa za a nuna wa, sakamakon gwajin gidan mutum shi kaɗai za a gaya wa ko a masallaci za a karanta. Kuma yaran in sun ƙware Abuja za su gudu, ku sa wannan a ranku.

Ba_Damagare ya amsa:

Sannunku 'yan uwa. Mu ma nan Damagaram bisa dutse muke, wahalar ruwa tamu ta fi taku, daga wajen gari ake jawo muna shi. Zancen wa zai biya, ku duba yadda ake yi da foraj, wato bohol, na ƙauyukanmu, akwai kwamitin ruwa, kowane bido da aka ɗiba ana biyan wani abu kaɗan, a ajiye don gyara. In naku ya samu kar ku ce kyauta ne, ku sa kuɗi kaɗan kan jarka, cikin nan a fidda na yaron da ke auna ruwa duk wata. Wanda ya tafi Abuja Allah ya ba shi sa'a, amma ya koya ma na bayansa kafin ya tafi, ku sa shi cikin sharaɗi.

Sakataren_Unguwa ya amsa:

Madalla, Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan kai wa shugabanmu da mai unguwa, rajistar nan ko gobe za a iya farawa. Hajiya maganarki ta shige ni, zan samu mahaifin yarinyar. Abin da ban gane ba Baba mai mota, in mun sake tara kuɗi ta yaya za mu tilasta wa mai haƙa ya bar yaran su tsaya kuma ya ba da bayanan, tunda ga abin da ɗan'uwanmu ya ce ya tarar?

Dan_Gindin_Mota ya amsa:

A takarda Malam, kafin mota ta shigo layi. Ku rubuta cewa wakilinku zai tsaya tun daga bututun farko har na ƙarshe, shi zai ƙirga bututun don a nan ake cin mita, shi zai duba kaurin kesin kafin a zura, kuma ba za a biya ciko ba sai an wanke rijiyar da iska har ruwa ya fito garau, an sa famfo an ja na wasu awoyi ana auna yadda ruwan ke sauka da yadda yake dawowa, an miƙa muku rubutun a hannu. Ku kuma rubuta nawa za a biya in ba a samu ruwa ba, da zurfin da in aka kai shi cikin dutse mai tauri ba alama za a tsaya. Wanda ya ƙi sa hannu ku bar shi, motoci sun yi yawa a gari yanzu wani zai yarda. Kuma wanda ya yi muku sabe kar ya zama yaron mai motar.

Dan_Jiyoloji ya amsa:

Baba ta wane gefen gari motarku take aiki satin nan? In ba damuwa zan zo da littafina da ledojin zuba samfur, shaddar ma bani da ita balle in sa.